Dala Biyar Kowane Shafi

Shagona yana kallon ƙofar lise.
Dala biyar shafi, in akwai wuta.
Shekara goma sha tara ina kwafar rabon ƴaƴan mutane,
ban taɓa ƙara wa kowa ko ɗigo ba.

Da sakamakon bak ya fito
Mele ya shigo da ambulan biyu.
Ta farko tasa ce, sha ɗaya bisa ashirin,
miyar da ba a yabawa, ba a kuma zubarwa.
Ta biyun ya buɗe a hankali kamar mai karɓar jinjiri:
takardar kakansa Maina Kyari,
ta yi launin ƙuli-ƙuli, gara ta ɗanɗani gefenta,
da hatimin makarantar nan ta Yamai
mai ɗaukar arba'in ta bar dubu suna leƙe ta katanga.
A ƙarƙashi ta ubansa, hatimi iri ɗaya.
Ya ce, "Baba ya ce a liƙa su bayan dosiye.
Ba su nema ba, amma ba su hana ba."

Bai fita ba Cima ta shigo,
ɗiyar mai turin ga-ruwa a Kara-Kara,
sha biyar da rabi.
Ta zube silalla kan tebur tana ƙirga,
ta ce in yi mata gaba da baya, takarda ta ragu.
A bayan dosiyenta babu kowa,
sai shatin babban yatsan ubanta
inda aka ce a sa hannu.

Ƙarƙashin dalbejiya aka yi ta gardama har la'asar.
Mushe Tasi'u ya ce suna ba ya riƙe biro,
ranar jarrabawa kaka yana kushewa.
Mai shayi ya ce, "Haka ne, Mushe,
amma in takardu sun taru har rufin ɗaki
kuma mai dubawa ya gaji,
wane suna ne yake sa shi gyara tabarau?"
Ni dai ban ce komai ba,
inji ya riƙe takarda, ina lallashinsa.

Wata biyu, jerin ya zo ta waya,
aka kawo mini in fitar.
Na ga Mele, na talatin da tara.
Na bi da yatsa har ƙasa, na juya shafi,
ga Cima ta biyu cikin masu jira.
Ko sunan ne ya tura shi, ko ranar ce ta yi masa kyau,
injina bai san wannan lissafi ba.
Tsakanin talatin da tara da arba'in da biyu
taki uku ne kawai,
kuma taki uku, in a bakin rijiya ne, ba kaɗan ba ne.

Bayan isha Mele ya dawo, ba don kwafi ba.
A Birni ana ta guɗa a gidansu, shi yana nan kan benci.
Ya ce, "Baba Rabe, ni aka ɗauka ko shi?"

Na ɗauko takardar banza na kwafa,
na kwafi kwafin, na sake kwafar wancan.
A ta huɗu harufa sun fara cin juna,
hatimi ya zama tabon shayi.
Na miƙa masa, na ce ban sani ba, ɗana.
Abin da na sani, can za su ba ka farar takarda,
ita kuwa ba ta san kakan kowa ba.

Cima takan biyo duk Litinin
ta tambaya ko wani ya fasa.
Jiya ma ta zo, an ɗauke wuta.
Ta zauna, muka jira tare.